Ranar da Na Kashe Babur a Hanyar Gwangwan

Mu huɗu ne masu babur a layinmu a Karaye a wancan zamani, kuma mun ɗauki kanmu da muhimmanci ƙwarai. Akwai tela, taubashina, wanda ke da lasisin zagina tun daga haihuwa. Akwai malamin gona. Akwai malamin asibiti, mutumin da ba ya buɗe baki sai an kawo abinci, nan ma ba don magana ba. Sai ni, masinja a ofishin hakimi, mai ilmin aji huɗu na firamare da rabin na biyar. Saboda wannan ilmi, da kuma aikina da ya sa na san kowane burtali tsakanin Karaye da Rogo, aka naɗa ni ciyaman. Ba a yi zaɓe ba. Ni na sanar.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan fita yawo. Ba fatauci, ba biki, ba ta'aziyya. Mu bi hanyoyin ƙauye, mu ci abin da Allah ya ajiye mana a gidajen mutane, mu dawo kafin magariba. Ƙungiyar tana da doka ɗaya tak, kuma mutanen ƙauye ne suka koya mana ita. In ka tsaya a ƙofar gida ka yi gaisuwa babur yana ƙara, kai mai wucewa ne; a amsa maka, a ce Allah ya kiyaye hanya. In ka kashe shi kuwa, ka zama baƙo. An shimfiɗa tabarma ke nan, kuma ba ka tashi sai ka ci abin da aka kawo. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma ban taɓa ganin dokar gwamnati da ake bi kamarta ba.

Babur ɗina roba-roba ne, tsoho, mai hali guda: da ka saki totur sai ya mutu. Bakanike uku sun duba shi, kowa ya ce ya gyara. Na saba da shi, hannuna na dama kullum a murɗe, ko gaisawa da hagu nake ɗaga wa mutane, su yi haƙuri.

Wannan babur ɗin ne ya raba ni da yayana.

Gidanmu na gado yana Gwangwan, Yaya ke zaune a ciki tun rasuwar mahaifinmu. Shekarar da na sayi babur na je gida da shi, sai ƙofar zaure ta ƙi karɓarsa. Yaya yana gona. Ban jira shi ba, na kira magini ya fashe gefen ƙofar ya ƙara mata faɗi. Da Yaya ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasar da aka tara a gefe. Ya ce, "Zauren da Baba ya gina da hannunsa ka fasa saboda ƙarfe?" Ni kuma, a gaban mutane, na ce ƙarfen nan ya fi jakinsa daraja, kuma zamani ya wuce masu zaman zaure. Ya shiga gida. Daga ranar ba mu sake magana ba. Malamai sun ce kada gaba ta wuce kwana uku. Mu mun riƙe ukun, sai dai muka mai da ita shekara.

To, a daminar da nake ba da labari, ƙanwarmu ta aiko mini da saƙo: Yaya ya sami kujerar Makka. Ranar Asabar bayan la'asar mota za ta ɗauke shi zuwa Kano. Ta ƙara da cewa tarinsa ya dawo, kuma ya rame. A lokacin in mutum zai tafi Makka ba a yi masa lissafin dawowa. Ya bi gida gida ya nemi gafara, a yi kuka, a rabu. Na san in motar nan ta tashi ban durƙusa a gabansa ba, mai yiwuwa na rasa damar har abada. Na san wannan sarai. Na ninke saƙon na sa a aljihu, na ce wa kaina zan duba lamarin.

Asabar ɗin ta zo daidai da ranar yawonmu. Da safe muka haɗu a ƙofar shagon tela, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Tela ya dube ni ya ce, "Ciyaman, yau Gwangwan muka yi."

Na ce, "Ba a kawo wannan a mitin ba."

"Yanzu na kawo. Wa ya yarda?"

Malamin gona ya ɗaga hannu. Malamin asibiti ya ɗaga. Ashe sun gama shirya mini tun daren jiya.

Na ce to, amma hanya ta ciyaman ce. Wanda ya san ƙasar nan zai ce Unguwar Hajji da Kafin Dafga ba nan ce hanya mai sauri ba. Na sani. Ni na zaɓa.

Muka fita a jere, ni a gaba, wandona a cuse cikin safa. Dawa ta kai gwiwa, mutane sun duƙufa a gonaki suna noman farko, muna wucewa muna "Sannunku da aiki!" suna ɗaga fartanya. Hanya duk taɓo. Ka kauce wa rami ka faɗa kududdufi. Da a wata ranar ce da ina waƙa, amma ran nan ban yi ba. Ina so in isa, ina so hanya ta ƙi ƙarewa. Sai in murɗa totur har tela ya yi mini ihu, sai kuma in rage har malamin gona ya kusa hawa bayana.

A Unguwar Hajji akwai wata gwaggon malamin asibiti mai suyar ƙosai. Tela ya ce a gaishe ta a wuce. Muna tsayawa na murɗe makulli, ɗif. Gwaggo ta ce, "Maraba da 'yan birni!" Aka kawo tabarma.

Tela ya matso kunnena. "Da gangan ka yi."

"Ka san halin babur ɗin."

"Na san halin mai shi."

Ƙosai ya zo da zafinsa, da yaji, da koko mai tsami a ƙwarya. Na ci a hankali kamar mai ciwon haƙori. Na tambayi gwaggo yaya ruwa, ta ce ruwa ya yi gyara. Na tambaye ta awaki. Na tambaye ta ciwon ƙafarta tun daga inda ya faro, ta kuwa ba ni tarihinsa tun zamanin mijinta na fari. Rana ta ɗaga sosai kafin mu tashi.

A Kafin Dafga ma haka na yi. Mai unguwar wani ƙauye a wajen, wanda nake kai wa takardun hakimi, yana zaune gindin ɗorawa. Na kashe babur tun kafin in ƙarasa gabansa. Aka kawo fura da nono a ƙwarya babba, da dafaffen ƙwan zabi cike da akushi, don lokacinsa ne. Malamin asibiti ya zauna kusa da akushin ya fara aiki ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Muna cikin sha mai unguwa ya dube ni ya ce, "Af, ashe kai ne ƙanin maniyyacin nan na Gwangwan. Ai ya zo nan makon jiya."

Ludayi ya tsaya mini a hanya. Na ce, "Nan, ranka ya daɗe?"

"Nan. A kan jaki, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Wai shekarun baya mun yi sa-in-sa a kasuwa a kan wani bijimi, ni har na manta. Ya ce bai manta ba, in yafe masa. Na ce Malam, wannan tafiya haka? Ya ce ya gama da kowa, saura mutum ɗaya. Na ce to ka je mana. Ya ce a'a, wannan shi zai zo, in yana da rabo." Mai unguwa ya tsoma ludayinsa. "Ban tambaye shi ko wane ne ba."

Tela bai dube ni ba. Ɓare ƙwai yake yi, a hankali, kamar mai ɗinkin aljihu.

A raina na ga Yaya a kan jakin nan da na zaga, tun daga Gwangwan, cikin laka. Furar ta koma mini kamar ƙasa. Na miƙe na ce mun gode, za mu wuce. Mai unguwa ya ce ai ba a shanye ba. Na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga gindinta. Malamin asibiti ya zuba sauran ƙwan a aljihun rigarsa.

Daga nan na zama wani mutum. Na bar zagaye, na yanki burtalin da ya fi kusa, ina gudu ciyawa tana dukan ƙafafuna. Muka tarar da rafi ya kawo ruwa har cinya; muka tuɓe takalma muka ɗauki babura ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu a kan kowanne, tela yana cewa nawa ya fi nauyi saboda zunubin mai shi. Muka yi azahar a kan wani fa a gefen rafin. Ban san abin da na karanta ba. Na lissafa a raina, in ba mu sake tsayawa ba za mu isa da sauran lokaci.

Sai malamin gona ya yi gyaran murya ya ce, "Ciyaman, burtalin nan da ka ɗauko, ta ƙofar gidan surukina ya bi."

Na manta shaf. Kuma babu yadda za a yi mutum ya wuce ƙofar surukinsa a kan babur bai tsaya ba. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Na tara su na yi jawabi. Na ce za a tsaya, za a gaisa, amma duk wanda ya kashe babur na kore shi daga ƙungiya har abada. Kowa ya ce ya ji.

Tsohon yana zaune a dakalin ƙofar gida yana gyaran igiya. Muka tsaya a jere, babura huɗu suna ruri, muka rusuna a kan sirdi gwargwadon iko. Malamin gona ya cire hula ya mayar, yana ta "Baba, mun same ku lafiya? Baba, wucewa za mu yi, sauri muke." Tsoho ya ce babu laifi, babu laifi, Allah ya yi albarka. Har na sa giya. Sai ya ajiye igiya ya ce, "To bari in yi muku addu'ar hanya." Ya ɗaga hannu.

Jama'a, ku yi mini adalci. Dattijo ya ɗaga hannu yana roƙa maka Allah, kai kuma naka hannun yana kan ƙarfe? Tun ina yaro ba a koya mini amin da hannu ɗaya ba. Ban yi shawara da kowa ba, hannayena suka tashi da kansu. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Tsoho bai ko ƙarasa fatiha da kyau ba ya shafa, fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi, ashe kun sauka!" Ya juya cikin gida ya ɗaga murya. "Kai, a kama jan zakaran nan! Baƙi daga Karaye!"

Na yi ta dukan kik kamar mahaukaci. Kafin babur ya amsa, mun ji kukan zakara ya tashi ya yanke. Sauran ukun suka kashe nasu ɗaya bayan ɗaya. Tela ya sauka, ya zo gabana ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za ka miƙa takardar barin ƙungiya?"

An yanka wa baƙo kaza ya tashi bai ci ba, wannan ba a gidan surukin abokinka ba, ko a gidan maƙiyinka ba ka yi. Muka zauna a zaure. Zakaran nan kuwa na tabbata ya girmi babur ɗina. Itace ya sha ruwan asuba, hayaƙi kawai ke fitowa daga cikin gida, muna jin mata suna hura wuta suna tari. Tsoho yana ba malamin gona labarin tsutsar da ta kama masa gero. Ni ina zaune, ina tashi, ina leƙa waje. Inuwar katanga tana tafiya a ƙasa ina kallonta. Na fita na goge fulogi wanda ba abin da ya same shi. Na dawo. Na sake fita na duba mai. Agogona na hannu ya tsaya tun a rafi, amma ban fasa dubansa ba.

Abin da zai fitar da ni magana ɗaya ce, kuma na san ta. Sai dai faɗinta yana nufin in buɗe baki a gaban dattijo, a gaban abokaina, in ce ni ne mutumin da ya shekara uku bai gai da yayansa ba. Ni da ake tashi a ba ni kujera in na kai takarda. Na gwada wasu hanyoyin tukuna. Na ce hadari yana haɗuwa. Tsoho ya leƙa ya ce wannan ba na yau ba ne. Na ce akwai saƙon ofis. Ya ce ofis a ranar Asabar?

Can wani ya kira sallar la'asar a masallacin ƙauyen. Muka yi salla, muka dawo, zakara bai nuna ba. Na durƙusa a gaban tsohon, gwiwa biyu.

"Baba, ina da magana. Yayana zai tashi Makka yanzu daga Gwangwan. Shekara uku ba ma magana. Ni ne da laifi."

Har malamin asibiti ya ɗago kai.

Tsoho ya dube ni tun daga hula har safa. "Tun ɗazu kana zaune da wannan a cikinka, kana ba ni labarin hadari?"

"Kunya, Baba."

"Kunyar ƙaniyarka! Da girmanka da agogonka!" Ya miƙe da kansa ya shiga gida, ya fito da cinya guda a kan murfin kwano tana tururi. "Ci. Ba za a ce an yanka a banza ba. A tsaye, kada ka zauna mini!"

Na ci cinyar nan a tsaye. Roba ce aka yi wa romo. Na ƙona harshe, na haɗiye abin da ya ƙi taunuwa. Tsoho ya ce surukinsa da mai cin ƙwai su zauna su gama da sauran, tela ya raka ni, don mutum irina ba a barinsa shi kaɗai a hanya. Ya fara ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya dubi babur ɗina ya sauke. Ya ce, "Je ka, zan yi ta bayan ka tafi."

Ban taɓa gudu irin na ran nan ba, kuma ban sake ba. Laka tana tashi har bayan wuyana. Hulata ta faɗi, ban tsaya ba. Tela ya ce ya gan ta ya taka ta don kada ta ji kaɗaici. Ina tafe ina shirya jawabi. Na fara da "Bisa la'akari da", na watsar. Na fara da "Yaya, kowa yana kuskure", na ji wannan ma rabon laifi ne, na watsar.

Saura kaɗan mu shiga Gwangwan, inda hanya ta matse tsakanin gonaki biyu, na hango a-kori-kura tana tahowa tana rangaji, bayanta cike da 'yan rakiya da akwatin ƙarfe a ɗaure. Mota ɗaya ce ke iya bi ta wurin. Na tsaya a tsakiyar hanya. Direba ya danna ham, ya leƙo yana zagi. A gefensa ga Yaya, da farar riga sabuwa, wuyansa ya yi siriri a cikinta.

Na sa hannu na murɗe makulli.

Direba ya daina zagi da ya ga Yaya ya buɗe ƙofa. Bai sauko ba, ƙafa ɗaya kawai ya sauke. Ya dube ni, ba hula, laka har gira, maiƙon zakara a haɓa.

Ya ce, "Mutuwa ya yi, ko kai ka kashe?"

"Ni na kashe, Yaya."

Na jingine babur na zo na durƙusa cikin taɓo a gindin ƙafarsa. Jawabin duk ya gudu. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ƙofar, da maganar jakin."

Ya sunkuya ya jawo jakar guzurinsa daga ƙarƙashin kujera, ya kwance ƙullin wata samira, ya buɗe. Dambun nama ne, wanda aka yi masa na tafiya. Ya miƙo mini.

"Ka kashe babur. Ci."

Ƙosai yana cikina, da koko, da fura ƙwarya guda, da ƙwai, da cinyar da har yanzu ba ta yanke shawarar sauka ba. Na sa hannu na ɗiba. Shi ma ya sa nasa a samirar ya ɗiba, muka ci, 'yan rakiya suna kallo daga sama ba mai tari. Hawaye suna zubo mini suna haɗuwa da yaji.

Ya ce, "Na yafe. Ni ma ka yafe mini, da na aika an kira ka tun bara." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. Sannan ya nuna bayan mota da haɓa. "Ka ga akwatin can? Da ƙyar ya fita ta ƙofar zauren. Mai fasa gini, da ka ƙara ko taki ɗaya ne."

Tela ya fashe da dariya, 'yan rakiya suka kama. Direba ya ce don Allah a ba shi hanya, rana tana faɗuwa. Na hau babur na doki kik. Shiru. Na sake. Shiru. Sai da mutum uku suka sauko daga mota suka ɗauke shi cak suka ajiye a cikin kunyar dawar wani, ni ina biye da su ina ba da umarni. Mota ta wuce. Yaya ya fito da hannu ta taga, bai waiwayo ba, hannun yana nan a waje har suka sha kwana.

Yaya ya dawo. Da haƙorin Makka, da tarinsa, ya kuma ƙara shekara bakwai yana yi mini faɗa a kan abubuwa iri iri. Maganar korata daga ƙungiya kuwa, an kawo ta a mitin na gaba. Na saurari kowa da kyau, a matsayina na ciyaman, na ɗage zaman.